Me kuka kalla kwanan nan da za a iya kallo da Mma a ɗaki?

Mutala Sawaba:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Abin kallo nake nema, amma da sharaɗi. Talabijin ɗaya ne a gidanmu, bayan sallar isha kowa nan yake taruwa: Mma, matata, ƙannena, yara, har da 'ya'yan maƙwabta. Ina son wanda za a kunna kowa ya zauna hankali kwance, ba sai na riƙe rimot ina jiran inda zan tura gaba ba. Kuma don Allah kada mutum ya jefo suna kawai ya wuce. Ya faɗa mana abin da ke ciki, abin da ya burge shi, da inda aibin yake. Na Kano, na Indiya, na Turkiyya, na nan gida Ghana, duk ku kawo.

Anti Salamatu Aboabo:
Wa alaikumus salam Mutala, gaishe min da Mma. In dariya kuke so, ku fara da Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi. Tsoho ne mai dukiya mai riƙon kuɗi, ya yi aure-aure ya tara 'ya'ya, kowa da halinsa, kuma kowa idonsa na kan abin da zai samu. Duk wanda ya tashi a babban gida a Zango sai ya ga wani nasa a ciki. Aibinsa faɗa da baƙar magana, yara kuwa saurin ɗauka gare su. Na ji jikata tana maimaita wata magana daga ciki, sai da na tsawatar mata.

Hajiya Memuna Yalwa:
Ni dai har gobe Daɗin Kowa na Arewa24. Ɗana Mutala, wannan shi ne na zama da iyaye. Ba gidan bene, ba motar da ba mu taɓa gani ba. Talakawa ne irinmu, mai shayi, mai gadi, malamin allo, matar da ke faɗa da miji kan kuɗin cefane. In Kamaye da Adama suka fara nasu, sai ka rantse a tsakar gidanku ake yi. Kuma sun taɓo abubuwa masu nauyi: almajirai, yaran da ƙwaya ta lalata, mutanen da rikici ya koro daga garuruwansu, zaman Musulmi da Kirista a unguwa ɗaya. Wannan na ƙarshen ya fi shiga raina, don mu nan haka muke. Gidan da na yi aure akwai Asante, akwai Frafra, akwai Dagomba, famfo ɗaya muke ɗiba, ranar Sallah mu kai musu tuwo, ranar Kirsimeti su aiko mana da shinkafa.

Iddrisu Tica:
Hajiya ta yi gaskiya. Daɗin Kowa ya ci kyautar Africa Magic a 2016, a rukunin shirye-shiryen Hausa. Ni zan ƙara da Kwana Casa'in, shi ma na Arewa24, wanda ya fara a 2019. An ƙirƙiri wata jiha aka sa mata Alfawa, ana saura kwana 90 zaɓe, ga gwamna Bawa Maikada da Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, ga ɗan jarida Sahabi da ke tono abin da ake son rufewa. Abin da ya sa nake son matasanmu su gani: yana nuna yadda ake amfani da yaron talaka lokacin kamfe, a ba shi 'yan kuɗi da riga mai hoto, a tura shi ya fasa kan ɗan'uwansa, bayan zaɓe lambar da aka ba shi ta daina shiga. Siyasar Najeriya ce, amma wanda ya ga shekarar zaɓe a Asawase, nan Kumasi, ba sai an yi masa bayani ba.

Rukaya Tela:
Wai ba wanda zai ambaci Labarina? A shagonmu, ranar da sabon kashi ya fito keken ɗinki ma hutawa yake. Aminu Saira ya iya ɗaukar hoto, ya kuma iya zaɓen wanda zai hau kowane matsayi. Tun 2020 nake binsa, zamanin Sumayya da Mahmud da Presido. Rabi'u Rikadawa kaɗai, a matsayin Baba Ɗan Audu, ya isa dalilin kallo: a zama ɗaya zai ba ka haushi ya ba ka dariya. Yaya Mutala, Mma za ta so shi, ba abin kawar da kai a ciki.

Nuhu Magazin:
Ƙanwata Rukaya, ban ƙi maganarki ba, amma ki faɗi ɗaya gefen. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin aka kawo Fati Washa ta ci gaba a matsayin Sumayya, daga nan zuciyata ta fita. Ba wai Fati Washa ba ta iya ba, ta iya. Amma fuskar da ka saba da ita shekara da shekaru, rana ɗaya a ce maka ga wata, ka ci gaba da tausaya mata daga inda ka tsaya? Haka Izzar So na Lawan Ahmad. Farkonsa ya yi kyau ƙwarai, Umar Hashim mutum mai amana a wurin aiki ana ta ƙulla masa sharri, har na riƙa kiran yaran shagonmu su gani. Daga baya aka riƙa jan labarin kamar cingam, zaƙi ya ƙare ana ta tauna. Ka cire talla, ka cire tuna baya, ka cire inda mutum zai fito daga mota a bi shi da kyamara har ya zauna a falo, abin da ya rage a kashi ɗaya kaɗan ne. Mu kuma da sidi muke sayen data, ba tsinta muke ba.

Sadik PZ:
Yaya Nuhu, bari in faɗi yadda abin yake, tunda sana'ata kenan tura fim a waya da memori. Da can fim ɗin Kano a kaset da faifan CD yake fita, kashi ɗaya da na biyu, a sayar a gama. Masu kwafar sata da tura fim daga waya zuwa waya suka kashe wannan kasuwar. Ana cikin haka korona ta zo a 2020 aka rufe gari, kowa yana gida da waya a hannu, sai masu fim suka koma YouTube da shiri mai dogon zango. A can kuɗin daga talla yake zuwa: wadda YouTube ke sakawa gwargwadon masu kallo, da wadda 'yan kasuwa ke biya a saka musu a cikin shirin. Ranar da labari ya ƙare, ranar kuɗin ya tsaya, ga ma'aikata birjik da suke ci daga nan. To wa zai yi gaggawar ƙarewa? Ban ce daidai ba ne, dalilin nake faɗa.

Kuma ba su kaɗai ba. Ku duba Kumawood, masana'antar fim ta Kumasi, a nan gabanmu. Zamanin Agya Koo da Kyeiwaa, motar talla ke zagaya Kejetia da lasifika ana sayar da faifai. Yau ina kasuwar? Su Dr Likee da yaransa YouTube suka koma da gajerun wasanni. Ciwo ɗaya ne ya kama Kano da Kumasi.

Rukaya Tela:
Yaya Nuhu, kai fim kake so ka gama a dare ɗaya. Mu da muke wuni a kan keke, kafin Sallah ma mu kwana a kai, dogon shirin ne abokin hira. Kuma ba duka ne jan rai kawai ba. Ka kalli Manyan Mata na Abdul Amart. Yadda suka nuna yaron da aka kai almajiranci aka manta da shi, da macen da aka saka aka bar ta da 'ya'ya ba ko sisi, na ga manyan mata a shagonmu suna share hawaye da bakin mayafi. Sannan Labarina ai sun rufe wancan labarin sun buɗe sabo, na Mainasara da Sadiq Sani Sadiq ya fito, mai kuɗin da ya ɓoye arzikinsa don ya gane mai sonsa tsakani da Allah. Wanda ya gaji da na farko yana iya farawa daga nan.

Nuhu Magazin:
To ni ga nawa, mai farko da ƙarshe. The Boy Who Harnessed the Wind, na 2019. Labarin gaske ne na William Kamkwamba, wani yaro a Malawi. An yi yunwa a ƙasarsu wajen 2001, aka kore shi daga makaranta don ba kuɗin biya, ya riƙa shiga ɗakin karatu yana duba wani littafi kan makamashi. Da tarkacen bola da dainamon fitilar keke ya haɗa injin da iska ke juyawa ya ba da wuta. A fim ɗin, wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda yake roƙon babansa ya ba shi kekensa a yanka, uban kuma yana ganin shirme ne, don keken ne kaɗai dukiyar da ta rage a gidan. Duk wanda ya koyi aiki a Suame Magazine, unguwar makanikai, ya san irin yaron nan. Muna da su, wanda bai gama aji shida ba amma ya ji ƙarar inji ya gaya maka abin da ke damunsa. Mutala, ka zaunar da ƙannenka su gani. Mma ma za ta bi labarin ko ba ta jin yaren, don yunwa da fari ba sa bukatar tafinta.

Anti Adiza Tafo Zango:
Ni a bar ni da Indiya. Lokacin da Adom TV ta fara Kumkum Bhagya da Twi, kun manta yadda unguwa take yin tsit? Mai sayar da koko ma da ido ɗaya take ba da canji. Har keken nan mai ƙafa uku da muke hawa ya samu sunan Pragya, jarumar shirin. Amma gaskiya ba zan ce Mutala ya fara shi ba, ya wuce kashi 2,000, kuma kishi da makirci ne ake ta juyawa.

Iddrisu Tica:
Anti, in Indiya ne, akwai biyu da nake roƙon kowane uba da uwa a wannan gida su kalla.

Na farko Taare Zameen Par, na Aamir Khan, 2007. Yaro ne ɗan shekara 8, Ishaan, haruffa suna rikice masa, yana juya su in zai rubuta. Gida ana ce masa malalaci, makaranta ana ce masa daƙiƙi, har aka tura shi makarantar kwana don a horar da shi. Sai wani malamin zane ya gane cewa lalura ce ta karatu, ba taurin kai ba, kuma ana iya taimakon mai ita. Ina koyarwa, kuma ina gaya muku akwai irin yaran nan a azuzuwanmu, akwai su a makarantar allo. Yaro yana da kaifin hadda in an karanta masa, amma ya kalli allo ya kasa haɗa baƙi, mu kuma bulala muka sani. Da yawansu a haka suke barin karatu, su koma bes ɗin ataya, wurin zaman shan shayin samari, mu ce ba sa ji.

Na biyu 12th Fail, na 2023, shi ma labarin gaske ne, na Manoj Kumar Sharma. A makarantarsu malamai ne da kansu ke ba ɗalibai amsa ranar jarrabawa. Shekarar da wani ɗan sanda mai gaskiya ya hana, ajin ya zube, har da shi. Maimakon ya tsani mutumin, sai ya ce irinsa yake so ya zama. Ya tafi Delhi, ya yi shara a ɗakin karatu, ya yi aiki a injin niƙa, yana faɗuwa yana sakewa, har ya ci jarrabawar manyan jami'an 'yan sanda. Duk yaron da jarrabawar gama sakandare ta WASSCE ta kayar yana jin kunyar rubuta ta Nuwamba, da duk uban da ke neman inda za a saya wa ɗansa amsa, wannan nasu ne.

Hajiya Memuna Yalwa:
Malam Iddrisu, Allah ya saka. Maganar yaron nan mai juya haruffa ta tsaya min a rai, akwai jikana da nake tunani. Amma mu da ba mu iya bin rubutun ƙasan allo ba fa?

Sadik PZ:
Hajiya, shi ya sa fassarar Hausa ta karɓu. Galibin tsofaffin da ke aiko yara wurina, fassarar Algaita ta Kano suke tambaya. Sai dai a sani, masu fassara sukan ƙara nasu barkwancin, kuma rawa da shigar da ke cikin fim tana nan yadda take, murya kawai aka canja. Wanda zai kunna a falo ya fara dubawa shi kaɗai. Zan duba miki ko akwai na yaron da Hausa, in babu, jikokinki su zauna kusa da ke suna gaya miki, labarin ba shi da wuyar bi.

Alhassan Akwatia Line:
Duk kun bar babba. Ertugrul! Kashi 150, kowanne kusan awa biyu, daga 2014 zuwa 2019, kuma ban ga inda ya gundure ni ba. Ga salla, ga zikiri, ga girmama iyaye, mata a suturce, maza jarumai. Bayan shi ka ɗora da Osman. Wannan ba fim ba ne kawai, tarihin Musulunci ne. Yaya Mutala, ka gama magana in ka samu wannan.

Malam Awudu Sabon Zango:
Alhassan, na kalle shi kuma na ji daɗinsa, amma kalmar nan taka ta cewa tarihi ne, ita nake so mu tsaya a kai, don na ji yara a makaranta suna ba da labarinsa kamar sira suke karantawa. Ertugrul mutum ne na gaske, shi ne mahaifin Usman wanda daular Usmaniyya ta samu suna daga gare shi, kabarinsa yana Sogut a Turkiyya, an kuma samu tsabar kuɗi ta zamanin Usman ɗauke da sunan uban. Amma abin da aka tabbatar na rayuwarsa kaɗan ne ƙwarai, don littattafan tarihin Usmaniyya na farko an rubuta su ne fiye da shekara 100 bayan rasuwarsa. Yawancin yaƙe-yaƙe da makirce-makircen da kuke gani marubucin shirin ne, Mehmet Bozdag, ya tsara su. Ibn Arabi ya rayu a wancan zamani, ya rasu a Dimashƙa a 1240, amma yawan haɗuwarsu da ake nunawa adon labari ne. Kuma gidan talabijin na gwamnatin Turkiyya, TRT, shi ya ɗauki nauyinsa, kowace ƙasa kuwa kyakkyawar fuskarta take nunawa. A kalla, a ɗauki ladabi da jarunta, amma a gaya wa yara wasa ne aka gina a kan tarihi. Sannan Mutala ya ce da ƙananan yara a ɗakin, sare kai da azabtarwa suna da yawa a ciki.

Alhassan Akwatia Line:
Malam, na ji. Amma ko ƙirƙira ce, gara yaro ya kwaikwayi Turgut, jarumin nan na cikin shirin, da ya kwaikwayi ɗan daba. Shekara nawa muna kallon finafinan Amurka da Musulmi ne kullum mai ɗaure bam? Sau ɗaya an nuna mu da mutunci, ni dai ina tare da shi. To shirin Umar na MBC fa, shi ma ƙirƙira ce?

Malam Awudu Sabon Zango:
Wancan daban. Na 2012 ne, Hatem Ali ɗan Siriya ya ba da umarni, kuma an bi riwayoyin tarihi, har malamai irin su Shaihu Yusuf Ƙardawi sun duba rubutun. Matsalarsa wata ce: an nuna fuskokin halifofi huɗu, Azhar da malamai da yawa kuma ba su yarda da hakan ba. Ni ina tare da masu hanawa. Yaro in ya ga ɗan wasa a matsayin Sayyidina Umar, duk ranar da aka ambaci sunan wannan fuskar ce za ta faɗo masa. Wanda malaminsa ya halatta masa, ba zan yi faɗa da shi ba, amma ba zan kunna a gidana ba.

Baba Alhaji Issaka:
Yara, ku bar tsoho ya sa baki. Mu da muka ga zamanin Rex da Roxy da Rivoli a garin nan, muka ga gidajen bidiyo na Zango da ake zama a benci, fim ɗaya ne har yau nake nema a saka min: Lion of the Desert, na Mustapha Akkad, wanda ya yi The Message. Labarin Umar Mukhtar ne, malamin Alƙur'ani a Libiya, da ya yi kusan shekara 20 yana yaƙar sojan Italiya a kan doki, su da tankoki da jiragen sama. Suka kama shi suka rataye shi a 1931, yana da shekara sama da 70, a gaban mutanensa. Wannan ba a ƙara masa gishiri mai yawa ba, ya faru. Italiya ma hana nuna shi ta yi shekaru da yawa. Malam Awudu, wannan kam tarihi ne ko?

Malam Awudu Sabon Zango:
Tarihi ne Baba, Allah ya ƙara lafiya. Allah ya jiƙan Shaihu Umar Mukhtar.

Fuseini Moshi Zango:
Tunda Baba ya ambaci Libiya da Italiya, bari in yi magana, da ma ina ta karantawa ban ce komai ba. Wasunku sun san na bi hanyar nan na dawo.

Akwai fim na 2023, Io Capitano, wani Ba'italiye Matteo Garrone ya yi shi. Yara biyu ne 'yan'uwa daga Dakar, Seydou da Moussa, suna tara kuɗi a ɓoye don su tafi Turai su zama mawaƙa. Ba yunwa ce ta kore su ba, suna da gida, suna da uwa mai sonsu, kuma wannan ne gaskiyar farko da fim ɗin ya faɗa. Yawancinmu da muka tafi ba don babu tuwo a gida ba ne. Hoton abokinka kake gani a Facebook ya jingina da motar da ba tasa ba, kai kuma kana zaune a bes, sai ka ji kamar kai kaɗai aka bari.

Su ta Mali suka bi, mu daga nan ta Burkina ake bi zuwa Yamai, amma duk a Agadas ake haɗuwa. Daga nan abin da na gani a fim ɗin shi na gani da idona. Yadda ake cusa mutane a bayan Hilux, kowa ya riƙe sanda tsakanin ƙafafunsa, direba yana gudu, wanda ya faɗo ba a tsayawa. Yadda ake ɓoye kuɗi a jiki, masu tare hanya kuma sun san duk inda ake ɓoyewa. Gidan da ake tsare mutane a Libiya a ce ka ba da lambar gida, a kira uwarka tana jin ihunka don ta aiko da kuɗi. Akwai wata mata da ta kasa tafiya a cikin rairayi, Seydou ya koma zai taimake ta, ayari kuma yana ta nisa. A nan na kashe, sai wata rana na iya ƙarasawa.

A ƙarshe shi yaron, ɗan shekara 16 da bai taɓa tuƙa jirgin ruwa ba, shi aka ba tuƙin jirgi cike da mutane zuwa Italiya. Haka suke yi, don in an kama, yaron ne zai shiga hannu, masu jirgin suna Tarabulus suna ƙirga kuɗi. Inda nake da ja da fim ɗin shi ne inda ya tsaya. Ya tsaya suna hango ƙasa, yaro yana ihun murna. Ina tsoron wani ƙaninmu ya kalla ya ce ai ga shi sun isa. Ba a nuna sansanin da ake kai mutum ba, da shekarun jiran takarda, da waɗanda teku ta cinye ba a ko samu gawarsu an yi musu salla ba.

Yaya Mutala, wannan ba na ƙananan yara ba ne. Amma ƙannenka samari, da Mma, su ya kamata su gani tare.

Hajiya Memuna Yalwa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Fuseini ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka faɗa. Ɗan ƙanwata tun da ya kira daga Sabha ta Libiya ba a sake jin muryarsa ba, uwar har yau ba ta yarda a yi masa sadaka ba, ta ce yana nan. Kuma mu iyaye mata mu ji tsoron Allah, sau da yawa kuɗin adashinmu ne da zannuwanmu ake sayarwa a ba yaro ya tafi.

Iddrisu Tica:
Allah ya bayyana shi, Hajiya. Hanyar ma ta sake buɗewa: Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure a 2015, sojojin da suka karɓi mulki suka soke ta a ƙarshen 2023. Bidiyon da CNN ta fitar a 2017 na gwanjon mutane a Libiya bai hana kowa tafiya ba. Wani abu kuma, yaron da ya fito a Seydou ya ci kyautar matashin ɗan wasa a bikin finafinai na Venice, irin wadda Abraham Attah namu na Ghana ya ci a 2015 da Beasts of No Nation.

Mariama Asawase:
Ana ta maganar maza da sahara, bari in tuna muku da 'yan mata da ke tafiya a cikin ƙasar nan. Ku nemi Azali, na Kwabena Gyansah, 2018, yawancinsa da Dagbanci. Shi ne fim na farko da Ghana ta aika gasar Oscar. Amina 'yar shekara 14 ce a wani ƙauye a arewa, uwarta tana son kuɓutar da ita daga auren tsoho, sai ta faɗa hannun masu safarar yara, daga ƙarshe ta tsinci kanta a Accra ba ta san kowa ba, kawunta yana yawon nemanta. Abin da ya same ta a can ba sai na faɗa ba. Tun da na kalla na kasa yi wa kayaye ciniki a Kejetia. Yarinya ta ɗauko miki buhu daga cikin kasuwa har tasha, da goyo a bayanta, ki tsaya kina ja da ita kan sidi biyu, da dare kuma a bakin shagon wani za ta kwana. Akwai wurare masu nauyi a ciki, Yaya Mutala, sai yara sun yi barci.

Abin da ke damuna, Dagomba sun ga kansu a fim, Kanawa suna ganin kansu kowane mako, mu 'yan Zango fa? Labarin kakanninmu da fataucin goro tsakanin Salaga da Kumasi, labarin korar baƙi ta 1969 da ta raba gidaje da yawa, wa zai yi mana?

Sadik PZ:
Akwai yara a Aboabo da Nima da suke ƙoƙari, suna sakawa a YouTube. Matsalar sauti da rubutun labari ce, sannan suna kwaikwayon Kano maimakon su yi da bakinmu na nan. Kuma mu ɗin ma ba ma kallo.

Baba Alhaji Issaka:
Ta 1969 ina da wayo. Ranar da wani ya shirya yi da gaske, ya zo ya same ni da abin ɗaukar magana tun muna raye.

Malam Awudu Sabon Zango:
Ina da shawara kan fim ɗin da Fuseini ya kawo. Filin makarantarmu yana nan, Asabar bayan isha ba karatu. In za a samu majigi, a tara samarin unguwa da iyayensu mata a nuna. Ƙananan yara ban da su. Amma da Wolof da Faransanci ne aka ce, dole a samu mai bayani.

Fuseini Moshi Zango:
Ni zan yi bayanin, Malam. Kuma in ya ƙare kada a tashi mutane, a ba ni lokaci in faɗi abin da ke bayan inda suka tsaya. Akwai wasu biyu da muka dawo tare, zan tambaye su ko za su iya tsayawa gaban jama'a, ɗayan har yanzu ba ya son maganar.

Rukaya Tela:
Farin yadin da za a haska a kai, ni zan ɗinke shi. A ba ni awo kawai.

Sadik PZ:
Majigi akwai wanda ke bayarwa haya a Adum, gobe zan tambayi kuɗinsa da na janareta in rubuto a nan. Malam, a auna bangon gabas ɗin a turo wa Rukaya, kuma a gaya min ko lasifikar makaranta tana aiki ko in zo da tawa.